Bindigar Farauta a Kano: Daga ta Toka zuwa Mai Ɗura Kanta

Bindigar da maharban ƙasar Kano suka gada ita ce ta toka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, in ta lalace maƙeri ya gyara. Da Turawa suka ci Kano a 1903, sai suka sauka a Nasarawa, bayan ganuwa, yankin da daga baya ya zama GRA. A hannun jami'ansu aka saba ganin bindiga mai baki biyu, ta harbin zabi da agwagwar ruwa.

A Amurka kuwa, John Browning ya ƙirƙiro bindigogin farauta iri biyu da suka yi suna: Winchester 1897, wadda ake ja a tura da hannu bayan kowane harbi, da Auto-5, mai ɗura kanta. Ta farkon ta fi jure ƙura da wahalar daji, don haka ita ta fi dacewa da hunturun Arewa. Ta biyun ta fi sauri, sai dai tana son yawan sharewa.

Dokar bindigogi ta Najeriya ta 1959 ta taƙaita zaɓin, domin bindigogin da ta amince 'yan sanda su ba wa lasisi ba su haɗa da mai ɗura kanta ko mai na'urar ɗuri ba.