Amsar Wasiƙa: Shin Doka Za Ta Iya Yanka Wa Manomi Farashin Adalci?

Wani mai sauraronmu daga Yankara ya aiko yana tambaya: ya sayar da buhunan masararsa da kaka a araha, da bazara farashi ya haura, ko kotu za ta iya warware cinikin?

To malam, a dokar ciniki da muka gada daga Ingila, alƙali ba ruwansa da tsada ko araha. In ba a yaudare ka ba, ba a tilasta maka ba, ka ce "na sallama", shi ke nan.

Amma gwamnati ta sha gwada yanka farashi, kuma dattawan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa shaida ne. A 1949 Turawa suka kafa hukumomin sayen auduga da na gyaɗa. Hukuma ke faɗin farashi, wakilanta masu lasisi su saya, a kai audugar injin gurza na Funtuwa. An ce don a kare manomi daga faɗuwar kasuwa ne. Sai dai fa shekaru da dama abin da ake biyansa bai kai na kasuwar duniya ba, rarar kuma ta tafi aljihun gwamnati. A 1977 aka kafa Hukumar Auduga ta Ƙasa, hedkwatarta a Funtuwa, a 1986 gwamnatin Babangida ta rushe ta tare da sauran. 'Yan kasuwa kuwa ba su manta 1984 ba, lokacin da sojoji suka riƙa tilasta sayar da kaya a farashin gwamnati, kaya suka ɓuya.

Ta fuskar addini, an roƙi Manzon Allah (SAW) ya yanka farashi a Madina da kaya suka yi tsada, ya ƙi. Amma ya hana tare masu kawo kaya a hanya kafin su iso kasuwa, ya kuma ba wanda aka yi wa haka zaɓin fasa ciniki in ya iso ya ga farashi. Ni a ganina nan ne maganar take. Mai tare ka a bakin gari ya cuce ka ne da rashin sani.

Naka cinikin, malam, a tsakiyar kasuwa aka yi shi, a farashin ranar. Ba kotun da za ta dawo maka da masararka.