Naman Kaza: Tarihin Rarraba Shi da Tantance Shi, daga Dazukan Suwidin zuwa Gaɓar Chari

Naman kaza, wanda wasu ke kira laimar kwaɗi, wani abu ne mai rai da ke ɓullowa dare ɗaya bayan ruwan sama, a kan suri, ko ruɓaɓɓen icce, ko juji. Ba shi da ganye, ba ya fure, kuma abin da ido ke gani a sama ɗa ne kawai. Uwar tana ƙarƙashin ƙasa, zare-zare farare kamar saƙar gizo. Shi da funfuna da yisti 'yan gida ɗaya ne. Ilimin sa wa ire-irensa suna da bambance na ci da mai kisa an gina shi ne a dazukan sanyi na arewacin Turai, sannan ya gangaro ƙasashenmu tare da masu bincike na zamanin mulkin mallaka.

A 1729 wani masani na Florence a Italiya, Pier Antonio Micheli, ya nuna cewa naman kaza na yaɗuwa ta wata ƙura mai laushi da ke zuba daga ƙarƙashin laimarsa, wato irinsa ke nan. Carl Linnaeus na Suwidin, wanda ya tsara sunayen tsirrai a 1753, bai ba shi wani muhimmanci ba; ya cusa shi a ajin ƙarshe tare da gansakuka. Christiaan Persoon, haifaffen Afirka ta Kudu, ya gyara lissafin a 1801.

Amma uban wannan fanni shi ne Elias Fries, ɗan wani limamin coci a ƙauyen Femsjö na Suwidin, wanda aka haifa a 1794. Ya tashi cikin daji, ya san naman kaza tun yana yaro. A littafinsa Systema Mycologicum, da ya fito tsakanin 1821 da 1832, ya kasa masu laima bisa launin ƙurarsu: fara, mai ruwan hoda, mai ruwan ƙasa, baƙa. Dabarar ba ta da wuya, har yau ana yin ta. A yanke laimar daga ƙafarta, a kifa ta a kan takarda, a rufe da ƙwarya ko kofi, a bar ta ta kwana. Da safe za a tarar da zane kamar ƙafar keke, launinsa kuwa ya fi launin laimar faɗin gaskiya.

Matsalar ita ce ma'aunin Fries na dajin Suwidin ne. Shi kansa ya duba samfuran da Adam Afzelius, almajirin Linnaeus, ya tattaro daga Saliyo a shekarun 1790, amma busassu ya gani, waɗanda launinsu da ƙamshinsu suka tafi. Haka abin ya ci gaba fiye da ƙarni: a tsinta a Afirka, a shanya, a aika Turai, can a raɗa suna.

Ƙasar Chadi ta shiga wannan lissafi jim kaɗan bayan yaƙin Kuseri na 1900, inda Rabe da kwamandan Faransawa Lamy suka mutu, aka kafa Fort-Lamy a mahaɗar kogunan Chari da Logone, garin da ya koma N'Djamena a 1973. Daga 1902 zuwa 1904 masanin tsirrai Auguste Chevalier ya jagoranci ayarin bincike ta yankin Chari har Tafkin Chadi. Abin da ya tara na naman kaza ya tafi gidan adana tarihin halittu na Paris, inda Paul Hariot da Narcisse Patouillard suka yi bayaninsa. A ɓangaren Ingila, Elsie Wakefield ta lambun Kew ta fara wallafa nazarin samfuran Najeriya a 1912, shi kuma likita J. M. Dalziel ya tattara sunayen tsirrai da Hausa a littafinsa na 1916.

Naman kazan suri shi ya fi ba su wahala. Mutanen karkara sun daɗe da sanin yana fitowa a gidan gara, kuma ana cin sa. Turawa dai suka dinga jefa shi cikin dangogin Turai da bai dace da su ba, sai a 1942 Roger Heim na Paris ya ware masa dangi nasa, Termitomyces. Gara ce ke noma shi a cikin suri, tana ciyar da shi da tattaunannen ciyayi, ita kuma tana ci daga gare shi. Alamarsa guda biyu: tsini a tsakiyar laima, da shi yake huda busasshiyar laka, da doguwar saiwa mai nitsewa har ɗakin gara. Wanda ya fizge shi da gaggawa ya bar babbar shaida a ƙasa. Tono ake yi. Mafi girma a dangin, wanda aka bayyana daga Zambiya a 1980, laimarsa kan kai kusan mita ɗaya.

A 1969 Robert Whittaker ya cire naman kaza da danginsa daga cikin tsirrai gaba ɗaya, ya ba su masarauta tasu. Daga 1990 gwajin ƙwayar halitta ya karɓi ragama, ya kuma rushe da yawa daga rukunonin Fries, domin kama da juna ba ita ce dangantaka ba. Zuwa yanzu an sa wa kimanin iri 150,000 na wannan masarauta suna, alhali ƙiyasin 2017 ya ce akwai tsakanin miliyan 2.2 da miliyan 3.8. Yankin Sahel, mai gajeriyar damina, yana cikin wuraren da aka fi bari a baya.

Duk da haka tsohuwar takardar Fries ba ta mutu ba. Akwai wani fari mai faffaɗar laima, Chlorophyllum molybdites, da ke fitowa a ciyawa a ƙasashe masu zafi. Kyakkyawa ne, yana kuma sa amai da gudawa mai tsanani. Ƙurarsa koriya ce, nan take asirinsa ke tonuwa. Zancen cewa duk wanda tsutsa ko dabba ta ci ba shi da dafi ƙarya ne, kuma dafuwa ba ta kashe dafin dangin Amanita mai lalata hanta. Littafin Turai ko hoton waya ba sa isa hujja a bakin Chari. Wanda ba ka san sunansa da wurin fitarsa ba, kuma ba wani masani da ya tabbatar maka, kada ka sa shi a tukunya.