TARIHIN KALMAR "JUNGLE": YADDA BUSASSHIYAR ƘASA TA KOMA KURMI

Duk wanda ya taɓa zama ya fassara labari daga Turanci zuwa Hausa, da wuya a ce bai ci karo da kalmar "jungle" ba. Yawancinmu ba ma wata-wata, sai mu rubuta "ƙungurmin daji" ko "kurmi" mu wuce. Ba laifi muka yi ba, domin abin da ƙamus na Turanci ke cewa ke nan: wuri mai sarƙaƙiya, inda itatuwa da ciyayi da tsirrai masu yaɗo suka cuɗe har mutum ba ya ratsawa sai da adda, galibi a ƙasashe masu zafi da yawan ruwan sama. To amma da muka bi sawun kalmar zuwa gidansu, sai muka tarar a can kusan akasin haka take nufi.

Kalmar ba ta Turawa ba ce, aro suka yi daga Indiya. Tushenta shi ne "jangala" a harshen Sanskirit, tsohon harshen addini da ilmi na wannan ƙasa, kuma ma'anarta busasshiyar ƙasa mai ƙarancin ruwa, mai itatuwa jefi-jefi, mai iska da sarari. Masana maganin gargajiya na Indiya sun raba ƙasa gida-gida, suka sa "jangala" a gefe guda, suka sa "anupa", wato ƙasa mai dausayi da laima, a ɗaya gefen. Mu da muka san bambancin tudu da fadama ba sai an yi mana dogon bayani ba. A wurinsu "jangala" ita ce ƙasar lafiya, ƙasar barewa da hatsi, ita kuwa ƙasa mai laima ita ce matattarar cuta. Har ma tsohon littafinsu na dokoki da ake jingina wa Manu ya shawarci sarki da ya kafa mazauninsa a irin wannan busasshiyar ƙasa. Wani masani Bafaranshe, Francis Zimmermann, ya rubuta littafi guda sukutum a kan wannan batu a 1982.

Da tafiya ta yi tafiya, kalmar ta shiga harshen Hindi a matsayin "jangal", ma'anarta ta faɗaɗa ta haɗa da duk ƙasar da ba a nomawa, komai abin da ya tsiro a kanta. A nan Turawan Ingila suka tsince ta. Bayan yaƙin Plassey na 1757, Kamfanin Gabashin Indiya ya kama ragamar yankin Bangal, kuma ma'aikatansa suka riƙa jin kalmar a bakin manoma da masu karɓar haraji. Ɗaya daga cikin rubuce-rubucen Turanci na farko da ta fito a ciki shi ne fassarar dokokin Hindu da Nathaniel Halhed ya fitar a 1776.

Me ya juya ma'anar? Bangal ƙasa ce mai ruwa. Gonar da aka bari ta zama saura a can, kafin shekaru kaɗan ta rufe ruf da ciyawa da gora da ƙaya. Ga shi kuma mummunar yunwar 1770 ta kashe miliyoyin mutane, gonaki masu yawa suka rasa mai nomansu, daji ya cinye su. Saboda haka Baturen da ya nuna wuri ya tambayi sunansa aka ce masa "jangal", mai ba shi amsa yana nufin ƙasar da ba a noma, shi kuwa abin da idonsa ya gani ya riƙe, wato duhuwa da sarƙaƙiya. A 1805 har gunduma suka yanka suka raɗa mata suna Jungle Mahals. Daga Indiya kalmar ta bi jiragen ruwan masu mulkin mallaka, aka liƙa ta ga dazuzzukan Malaya da Kwango da Amazon.

Marubuta ne suka ƙarasa aikin. Rudyard Kipling, wanda aka haifa a Bombay a 1865, ya fitar da The Jungle Book a 1894, na biyunsa kuma a 1895. Abin lura shi ne dajin da ya sa yaron nan Mowgli a ciki na yankin Seoni ne a tsakiyar Indiya, inda itatuwa ke kaɗe ganye da rani, wato ya fi kusa da tsohuwar ma'anar. Haka nan "dokar daji" da ya shahara da ita, a littafinsa doka ce ta gaske mai ƙa'idoji: akwai haƙƙin ƙanana, akwai ladabin farauta, har da hana kisa a mashaya idan fari ya tsananta. Yau kuwa in aka ce dokar daji, kashin dankali ake nufi, babba ya danne ƙarami. Sai kuma Edgar Rice Burroughs na Amurka, wanda ya ƙago Tarzan a 1912 ba tare da ya taɓa taka Afirka ba. Littattafansa da finafinan da aka yi da su suka dasa wa duniya hoton Afirka a matsayin kurmi guda daga wannan gaɓar teku zuwa waccan. Su ma masu kiran zaki sarkin "jungle" sun manta cewa zaki ba ya zaman kurmi, dabbar sarari ce. Bahaushe da ya sa shi cikin manyan dawa ya fi su gaskiya.

Daga nan kalmar ta baro daji ta shigo birni. A 1906 Upton Sinclair ya sa wa littafinsa a kan ƙazanta da zaluncin mahautan Chicago suna The Jungle, kuma hayaniyar da ya tayar ta taimaka aka kafa dokar duba nama a Amurka a wannan shekarar. Damben Muhammad Ali da George Foreman na 1974 an tallata shi da wannan kalma, alhali a filin wasa na babban birnin Kinshasa aka yi shi. Sansanin baƙin haure na Calais a Faransa, wanda aka rushe a 2016, shi ma sunan da aka san shi da shi ke nan. A 2022 Josep Borrell, babban jami'in harkokin waje na Tarayyar Turai a lokacin, ya kwatanta Turai da lambu, yawancin sauran duniya kuma da "jungle", har sai da ya fito ya ba waɗanda maganar ta ɓata wa rai haƙuri. Mu ma a Nijeriya, jaridunmu na Turanci da ita suke kiran hukuncin da gungun jama'a kan yanke wa wanda ake zargi a bakin titi.

Masana tsirrai kuwa sun daɗe da ja da baya daga kalmar. Sun fi son a ce dajin ruwan sama, sunan da Bajamushe Andreas Schimper ya yi amfani da shi a 1898. Hujjarsu ita ce, a tsakiyar tsohon kurmi rassan sama sun tare rana, hasken da ke isa ƙasa ɗan kaɗan ne, don haka ƙarƙashin itatuwan a buɗe yake, mutum na iya tafiya. Sarƙaƙiyar tana bakin kogi ne da wuraren da aka sare, wato daidai inda baƙon da ke cikin kwalekwale yake iya gani.

To, ina ribar wannan dogon bin sawu a gare mu marubuta? Harshenmu bai cuɗa waɗannan abubuwa wuri guda ba. Muna da daji da jeji da dawa, muna da kurmi, muna da duhuwa da sarƙaƙiya, muna da saura da fako, kowanne da inda ya dace. Idan mai fassara ya ga "jungle", wajibinsa ne ya tsaya ya tambayi kansa wanne daga cikinsu marubucin ke nufi. In a Seoni labarin yake, daji ne, in a Kwango ne, kurmi ne. In kuwa mutane ake kira da kalmar, to ba maganar itatuwa ake yi ba, raini ne, kuma ya kamata mai karatun Hausa ya ji shi a matsayin raini. Muna fatan 'yan'uwa masu nazarin harshe za su ɗauko wasu kalmomin irin wannan su bi mana diddiginsu. Allah ya sa mu dace.