Yadda Aka Yi Kwamfuta Ɗaya Ta Koma Da Katin Sauti Biyu

Kusan duk kwamfutar da ka saya a yau tana zuwa da sautinta a jiki, har da ramin iyafis. Amma in ka shiga sutudiyon ɗaukar waƙa ko na shirin rediyo, za ka tarar da wani ɗan akwati a gefe, an jona shi da kwamfutar, ta nan murya take shiga. To, me ya sa mutum zai kashe kuɗi ya sayi abin da yake da shi? Amsar tana cikin tarihin katin sauti.

Lokacin da kamfanin IBM ya fito da kwamfutarsa ta PC a 1981, ba ta da katin sauti sam. 'Yar ƙaramar lasifika ce a ciki, wadda ba ta san komai ba sai a kunna mata wuta a kashe da sauri. Abin da ke fita shi ne 'yar ƙarar nan da ake ji idan an kunna kwamfuta. Injin ofis aka ƙera, ba wanda ya yi tunanin kiɗa.

Masu wasannin kwamfuta ne suka sauya lissafin. A 1987 kamfanin AdLib na ƙasar Kanada ya fitar da kati da ake sokawa a cikin kwamfuta, ɗauke da cif ɗin Yamaha mai suna YM3812. Wannan kati yana haɗa amon kayan kiɗa ta hanyar lissafi, sai dai ba ya iya ɗaukar murya. A 1989 kamfanin Creative na Singafo, wanda Sim Wong Hoo ya kafa, ya fito da Sound Blaster. Ya sa irin cif ɗin AdLib sak, don duk wasan da aka rubuta wa AdLib ya yi aiki a kansa, sannan ya ƙara da ɗaukar sauti da wurin jona sandar wasa. Kan ka ce kwabo kasuwa ta koma hannunsa, AdLib ya durƙushe a 1992. A shekarar ce kuma Sound Blaster 16 ya fito, yana auna sauti sau 44,100 a daƙiƙa da bit 16, daidai da faifan CD.

Daga nan sai Intel ya shigo. A 1997 ya fitar da tsarin AC'97, wanda ya sauƙaƙa dasa cif ɗin sauti a kan madabod, wato babban farantin da sauran sassan kwamfuta suke zaune a kai. A 2004 ya maye gurbinsa da High Definition Audio. Kamfanoni irin su Realtek na Taiwan suka riƙa ƙera waɗannan cif da araha, har ya zama mai kallon fim ko sauraren karatu ba ya buƙatar sayen kati.

Sai dai fitar da sauti daban, ɗaukarsa daban. Abubuwa uku ne suka hana katin ɗauka ɓacewa.

Na farko hayaniya. Wutar da makirufo ke bayarwa 'yar mitsitsiya ce, dole a kumbura ta sosai kafin a mayar da ita lambobi. Cikin kwamfuta kuwa kasuwa ce ta wuta: ga fanka, ga firosesa, ga katin hoto, kowa na watsa nasa amon. Ka kumbura muryar, ka kumbura hayaniyar tare da ita. Shi ya sa masu ƙera kayan sutudiyo suka fitar da wannan sashe waje cikin akwati, musamman bayan da aka tsara hanyar tura sauti ta USB a 1998. Ƙari a kan haka, manyan makirufo na sutudiyo suna buƙatar wuta mai bolt 48, wadda ramin jikin kwamfuta ba ya bayarwa.

Na biyu jinkiri. Kwamfuta ba ta sarrafa sauti ƙwaya-ƙwaya, sai ta cika mudu tukuna ta juye. In mudun yana cin awo 512, a gudun 44,100 zai ɗauki kusan milisakan 12 kafin ya cika, ban da na fita, ban da wanda Windows ke ƙarawa wajen gauraya sautukan manhajoji. Mai kallon fim ba zai lura ba, amma mawaƙin da ke jin muryarsa a kunne tana biyo shi a baya zai rikice. Don haka kamfanin Steinberg na Jamus ya ƙirƙiro ASIO a 1997, hanyar da manhajar ɗauka ke magana da kati kai tsaye ba tare da ɗan aike ba. Da ita ana iya rage mudun zuwa awo 64, wato ƙasa da milisakan 2.

Na uku agogo, kuma nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami. Kowane kati yana da agogonsa na ciki da ke ƙirga masa lokacin awo, kuma babu agogo biyu da suke tafiya daidai wa daida. A ce ɗaya yana ƙirga 44,100, ɗayan 44,101. Bambancin kamar ba komai ba, amma a awa guda ya zama awo 3,600, kusan milisakan 80. In ka ɗauki mai tambaya da katin sutudiyo, mai amsa kuma da na jikin kwamfuta, a hankali muryoyin za su rabu, ko ka riƙa jin ƙas-ƙas a ciki. A manyan sutudiyo ana ɗaura duk na'urori a kan agogo ɗaya ta waya. Kwamfutocin Mac da manhajar ASIO4ALL suna iya haɗa kati biyu su zama kamar ɗaya, amma daidaita agogon sai an sake lissafa awon ɗayansu.

Wannan tarihin ne ya haifar da rabon aikin da ake bi yanzu. Ba sai ka kashe sautin jikin kwamfuta don ka sa katin ɗauka ba, suna iya zama tare lafiya matuƙar kowa ya tsaya a gonarsa. Ka bar na jiki a matsayin wanda Windows ke amfani da shi, ƙarar saƙo da bidiyon intanet da kiran waya su bi ta can. A cikin manhajar ɗauka kuma ka zaɓi katin sutudiyo shi kaɗai, shiga da fita, ta hanyar ASIO. Da haka ƙarar WhatsApp ba za ta faɗo kunnen mawaƙi ana tsakiyar baiti ba, kuma wata manhaja ba za ta sauya wa katin gudun awo ana cikin aiki ba. Abin da za ka kiyaye kawai shi ne kada ka raba ɗauka guda tsakanin katunan biyu, domin kowanne da agogonsa.