Yadda Musanya Ta Maye Gurbin Gyara a Kasuwar Na'urar GPS ta Keke

Na'urar GPS ta keke, wato ƙaramar kwamfutar da ake ɗaurawa a kan hannun keke domin ta auna gudu da nisa ta kuma nuna hanya, ta samo asali ne daga ma'aunin gudu na lantarki irin wanda kamfanin CatEye na Japan ya fara sayarwa a farkon shekarun 1980, wanda ke ƙirga juyawar taya da taimakon maganaɗisu, yana aiki da ɗan ƙaramin batir da mai keke ke canzawa da hannunsa. Al'amarin ya sauya ne bayan da gwamnatin Amurka ta daina dagula saƙon taurarin ɗan Adam na GPS da gangan a watan Mayun 2000, domin daga nan ne na'urorin farar hula suka fara nuna wuri daidai, har kamfanin Garmin, wanda Gary Burrell da Min Kao suka kafa a jihar Kansas a 1989, ya shigo da Edge 205 da Edge 305 kasuwa a 2006.

A cikin ƙirar waɗannan na'urori ne tushen maganar musanya yake. Tun da ruwan sama da gumi da laka ne abokan tafiyar mai keke, sai masu ƙira suka rufe jikin na'urar ruf domin ta cika ma'aunin da ake kira IPX7, wanda ke nufin jure nutsewa cikin ruwa mai zurfin mita 1 har tsawon minti 30, suka kuma binne batirin litiyom a ciki, alhali kuwa irin wannan batir yana rage ƙarfi duk lokacin da aka yi masa caji, ko da kuwa sauran kayan cikin na'urar lafiyarsu ƙalau. Ga kuma gilashin fuska da ke tsagewa idan an faɗi, da 'yan kunnuwan roba na baya da ke riƙe na'urar a mazauninta, waɗanda kan karye. Galibin waɗannan matsaloli suna bayyana ne bayan garanti ya ƙare, wato alkawarin da kamfani ke ɗauka na gyara ko canza kaya kyauta, wanda a wajen Garmin shekara ɗaya ce, duk da cewa dokar Tarayyar Turai ta ɗora wa mai sayarwa alhakin shekara biyu.

Buɗe kowace na'ura, a gano cutarta, a sake rufe ta yadda ruwa ba zai shiga ba, aiki ne mai cin lokaci da kuɗi, saboda haka kamfanin Garmin ya karkata ga karɓar wadda ta lalace tare da wani kuɗi ƙayyadadde, ya aika wa mai ita wata irinta da aka riga aka yi wa kwaskwarima, da gajeren garanti na kwana 90. Idan kuwa an daina ƙera samfurin, tayin yakan koma rangwame a kan sabuwa. Zuwan manhajar Strava a 2009, inda masu keke ke adana tarihin tafiye-tafiyensu, da shigowar masu gogayya irin su Wahoo da Hammerhead, ya sa riƙe tsohon mai saye ya ƙara daraja a idon kamfanoni.

Babu shakka tsarin ya fi sayen sabuwa sauƙi ga mai keke, amma bai kamata a ɗauke shi a matsayin kyauta ba, domin mutumin da batir kaɗai ya gaza masa ana sa shi biyan kuɗin na'ura guda, mai gyara na unguwa kuma an cire shi daga lissafi. Dokar batir da Tarayyar Turai ta zartar a 2023 ta tanadi cewa daga watan Fabrairun 2027 dole mai kaya ya iya cire batirin galibin ƙananan na'urori ya canza da kansa, sai dai ta sassauta wa wasu kayan da aka ƙera domin aiki cikin ruwa.