Juriyar Kayan Lantarkin Motocin Shiga Daji a Ruwa Mai Zurfi: Nazari a Kan Birnin Katsina

Tsakure

Maƙalar ta auna zurfin ruwan da kamfanoni ke cewa motocinsu na iya ratsawa da halin da motocin ke ciki a Katsina. Ta dogara da bayanan kamfanonin da ƙa'idojin IEC 60529 da ISO 20653. Ta nuna cewa raunin ya fi yawa a soket da mahaɗar wayoyi, kuma illar takan bayyana ne bayan ruwan ya janye.

Gabatarwa

Damina a Katsina gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba, Agusta kuma shi ne tsakiyarta. Sai dai ruwan yakan zo da ƙarfi cikin ɗan lokaci, koramun Ginzo da Tille su cika, magudanan da shara ta toshe su tumbatsa kan kwalta. Ambaliyar Jibiya ta Yulin 2018, wadda ta ci rayuka fiye da 40, ta nuna abin da ruwan dare ɗaya ke iya yi a wannan yanki. A irin wannan lokaci Hilux da Land Cruiser ne hukumomi da masu kai agaji ke turawa, bisa yardar cewa jif ba ta tsoron ruwa.

Abin da alƙaluman ke nufi

Toyota ta ba Hilux ta zamani da Land Cruiser 300 zurfin milimita 700, Ford Ranger 800, sabuwar Land Rover Defender kuma 900. Waɗannan alƙaluma na mota ce mai lafiyayyun robobi, tana tafiya a hankali cikin ruwa kwantacce. Haka matakin IP67 na ƙa'idar IEC 60529: na'ura ta jure nutsewar mita 1 na minti 30 a ruwa mai tsabta. Ruwan kwata mai gudu, ɗauke da yashi da dagwalo, ba ya cikin wannan gwaji. Bututun shaƙar iska da wasu ke ɗagawa zuwa saman mota kuwa injin kaɗai yake karewa, babu ruwansa da waya.

Yadda ruwa ke shiga

Akwatin ƙwaƙwalwar mota da sensa da soket sukan yi zafi idan injin ya daɗe yana aiki. Da sun taɓa ruwan sanyi sai iskar cikinsu ta tsuke, su zuƙo ruwa ta duk inda roba ta saki. A Katsina robar takan riga ta saki, domin zafin Afrilu da Mayu yana haura digiri 40, ƙurar hunturu kuma ta cika ramukan soket. Ruwa yana kuma bin tsakanin siraran zaren tagulla kamar yadda kananzir ke bin lagwani, har ya isa na'urar da ba ta taɓa nutsewa ba. Wayar da mai wayarin ya yanke, ya murɗa, ya naɗe da salatif, ita ce ƙofa mafi sauƙi.

Muddin batir na haɗe, lantarki da danshi suna cin ƙafafun soket sannu a hankali har su yi kore. Shi ya sa direba kan fita daga ruwa lafiya, bayan makonni motar ta fara kashe kanta, a ɗora laifin kan mai ko fulogi. Motocin yau suna tafiyar da saƙonni ta layin CAN, wanda Bosch ta fito da shi a 1986. Soket ɗaya da ya ruɓe yana iya rikita giya da birki da injin gaba ɗaya. Gwajin layin ba wuya: a cire batir, a auna ƙafa ta 6 da ta 14 a soket ɗin OBD da ake jona na'urar binciken mota, lafiyayyen layi yakan nuna kusan om 60.

Akwai kuma motocin hannu da ambaliya ta taɓa cinyewa a Amurka, irin ta guguwar Harvey a 2017, aka wanke aka yi gwanjonsu. Irinsu da tsatsarsu suke isowa Katsina.

Kammalawa

A ra'ayin wannan maƙala, alƙalamin kamfani bai dace ya zama ma'auni ga motar da ta shekara biyar a zafin Katsina ko aka taɓa wayarinta ba; tsakiyar taya ta fi zama iyaka. Ana kira ga sassan injiniya na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina su haɗa kai da masu wayarin birnin, su riƙa rubuta kowace motar da aka kawo daga Yuli zuwa Oktoba, da ranar da ta shiga ruwa da soket ɗin da ya lalace.