Ra'ayin Abubakar Tafawa Ɓalewa Game da Haɗin Kan Nijeriya, 1947–1960

A cikin wannan takarda muna son mu duba wani al'amari da masu tarihi suka sha ambatawa, watau yadda Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fara da shakkar haɗin kan Nijeriya, ya zama Firayim Ministanta na farko.

A shekarun 1947 da 1948, a Majalisar Dokoki ta ƙasa, Abubakar ya faɗa a fili cewa tun da aka haɗa Arewa da Kudu a 1914, Nijeriya ƙasa ɗaya ce a takarda kawai, kuma haɗin nan nufin Turawan Ingila ne, ba na mutanen ƙasa ba. Har ma ya yi gargaɗin cewa idan Turawa suka tashi a lokacin, mutanen Arewa za su ci gaba da yaƙin da aka katse musu har bakin teku. Wannan magana ta yi wa 'yan siyasar Kudu zafi ƙwarai, kuma an daɗe ana tuna masa ita.

Bayanin da aka fi bayarwa shi ne, tafiyarsa Amurka a 1955, yana Ministan Sufuri, don ganin yadda ake zirga-zirgar jiragen ruwa a koguna, ita ce ta sauya masa zuciya. Shi kansa ya ce ganin yadda mutane masu asali daban-daban suka zama al'umma ɗaya can ya sa ya yarda Nijeriya ma za ta iya. Ba mu musa wannan ba. Amma fa a ganinmu labarin ya yi sauƙi da yawa, domin ya manta da abin da ya faru a gida kafin tafiyar.

Abin da Abubakar yake tsoro a 1947 ba Kudu ba ce ita kanta, ratar ilmin boko ce. Malamin makaranta ne da ya fito daga Kwalejin Katsina, ya koyar a Midil ta Bauchi, ya san yawan 'yan Arewa da za su iya riƙe ofis idan Bature ya tafi. Wannan tsoro ne ya sa a watan Agusta 1950, a Majalisar Arewa a Kaduna, ya kawo shawarar a binciki tsarin En'e a gyara shi, abin da bai yi wa sarakuna da yawa daɗi ba. Mutumin da ya soki gaggawar Kudu shi ne ya soki nawar Arewa, kuma dalilin ɗaya ne.

To, a taron Ibadan na 1950 wakilan Arewa suka nemi rabin kujerun majalisar tsakiya, suka kuwa samu. Bayan rigimar neman mulkin kai ta 1953 da tarzomar Kano, tsarin mulkin 1954 ya mayar da ƙasar tarayya, kowace jiha da ikon harkokinta da ma'aikatanta, Arewa tana da kujeru 92 cikin 184. Saboda haka lokacin da Abubakar ya sauka a Amurka, an riga an biya masa yawancin sharuɗɗansa. Haɗin kan da ya karɓa a 1955 ba shi ne wanda ya ƙi a 1947 ba.

Da ya zama Firayim Minista a 1957 sai ya kafa gwamnatin haɗin gwiwa, har da ministoci daga jam'iyyar AG. A zaɓen 1959 Arewa ta sami kujeru 174 cikin 312, kuma wannan rinjaye, wanda ya kwantar masa da hankali har ya karɓi mulkin kai a 1960, shi ne jam'iyyun Kudu suka yi ta ƙorafi a kansa a rikicin ƙidayar 1962 da 1963 da zaɓen 1964.